Gyara Kayanka: Kula da Babur na Hanyar Karkara a Gida

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Ina gaida manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, ina gaida malaman makaranta da malaman asibiti da ke ratsa daji kullum don isa wurin aiki. Gaisuwa ta musamman ga 'yan acaɓa, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa 'yan kabu-kabu.

Yau a kan babur za mu tattauna, wato ƙaramin babur ɗin nan da ke cin burji da rairayi da taɓo, inda kwalta ba ta kai ba. A ƙauyukanmu da yawa shi ne jaki, shi ne doki, shi ne motar asibiti. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗauko taki, kuma idan naƙuda ta tashi wa mace da tsakar dare, ƙofar mai babur ake fara bugawa. Abin da ke da irin wannan matsayi a gida ya cancanci a san ciwonsa, a san maganinsa.

Bari in fara da ɗan tarihi. A shekarar 1974 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, su gano yadda talakawa ke amfani da baburansu. Suka tarar da babur ɗaya na ɗaukar iyali guda. Suka tarar ana barin baƙin mai a inji har ya yi kauri, matatar iska ta toshe da ƙura har ta ƙanƙare, sarƙa ta saki tana dukan murfinta, kuma ba a zuwa wurin bakanike sai ran da babur ya ƙi tashi. Da suka koma gida sai suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin gyara da matatar soso wadda ake wankewa a mayar. Da yawa daga baburan Sin da ke kasuwanninmu tsarin wannan inji suka bi. Su ma Boxer na kamfanin Bajaj da baburan TVS, 'yan ƙasar Indiya, an yi su ne domin wahala da hanya marar kyau.

Abin lura a nan, jama'a, laifuffuka ukun da waɗancan injiniyoyi suka gani shekara hamsin da suka wuce, su ne dai ke kashe baburanmu yau: mai, da iska, da sarƙa. Gargada tana gajiyar da babur, amma abin da ke kai shi ƙasa tun kwanansa bai ƙare ba shi ne ƙurar da muka bari ta shiga cikinsa. Dukkan ukun nan kuwa mai babur zai iya kula da su a ƙofar gidansa. Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17, da babbar da ke kama notin ƙafar baya, da sifanar fulogi, da sukudireba, da filaya, da famfo, da tsohon buroshin haƙori, da tsumma mai tsabta, da ɗan kananzir.

Mu fara da baƙin mai. Lokacin da kake tafiya a kan hanya, fistin ɗin da ke cikin injinka yana hawa da sauka sau 5,000 ko fiye a minti ɗaya. Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe a wannan gudu shi ne ɗan siririn mai, wanda bai kai kaurin takarda ba. Kuma man da ke cikin waɗannan ƙananan babura bai wuce lita ɗaya ba. Wannan lita ɗayar ita ke shafe inji, ita ke shafe giya, a cikinta kuloci ke wanka, sannan ita ke taya iska sanyaya injin, domin ba shi da lagireto kamar mota. Ka tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda ma'aunin zafi ke haura 40, ga buhu biyu a baya, ga rairayi ana ja da giya ɗaya. A irin wannan aiki mai yakan gaji da wuri.

Saboda haka kowace safiya, kafin ka buga kik, ka kafe babur a kan babban jak a wuri mai daidai, ka zare gejin mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarewa ka duba. Man ya tsaya tsakanin zane na sama da na ƙasa. Juyen mai kuwa, littafin da ke zuwa da babur yana faɗin tazararsa, amma littafin da kansa yakan ce a rage tazarar idan hanya mai ƙura ce. Ga mai bin burji, shawarata kada a wuce kilomita 1,500. Ɗan acaɓar da ke cin kilomita 100 a yini, mako biyu ya kai wannan. Idan agogon kilomitarka ya mutu, rubuta ranar juye a jikin bango ko a wayarka.

Ga yadda ake juyen. Ka tada inji ya yi ɗumi na 'yan mintoci, domin mai ya saki ya kwaso dattin da ya kwanta. Ka kashe, ka goge ƙasan inji, ka tara kwano, ka kwance notin zubarwa. Kada ka yi gaggawar kawar da kwanon. Ɗauke shi ka kai rana ka duba, domin tsohon mai yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Idan ka ga yana ƙyalƙyali da ɓurɓushin ƙarfe, wani abu na cin ɗan'uwansa. Idan ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. Akwai 'yar raga da ke tace man, a wanke ta da kananzir a mayar. Wajen ɗaure noti a yi hankali, jikin injin alminiyam ne, da an matsa fiye da kima zaren ramin ya cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. Kuma ina roƙon ku, a daina ɗauraye cikin inji da fetur ko kananzir da sunan wanki. Abin da ya saura a ciki tsinka sabon mai yake yi.

Wane mai za a zuba? Yawancin waɗannan babura mai lamba 20W-50 suke sha. Ka duba jikin galan ko akwai alamar 4T da JASO MA, waɗanda ke nuna an yi man ne domin babur mai kuloci a cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa. Man awo da ake sayarwa a kwalba ba tambari, ba ka san asalinsa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da ka rage a kwalbar mai, ninkinsa za ka biya ran da inji ya buga.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne shan wulaƙanci: matatar iska, wadda kanikawa ke ce wa iyakilina. Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000. A lissafin duro, duro 45 ke nan na iska a kan kowace lita. To ka auna irin iskar da ke kan hanyar kasuwa lokacin hunturu, kana bin bayan motar ɗaukar kaya, ƙura ta rufe ka har ba ka ganin gabanka. Kai kana da rawani da za ka rufe hanci. Rawanin inji shi ne wannan soson.

Ƙura niƙaƙƙen yashi ce. Idan ta wuce matata ta haɗu da mai, sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa, tana cin zobban fistin da bangon silinda a hankali, ba ƙara ba hayaniya. Wata rana sai ka ga salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mai na raguwa, ƙarfi ya tafi. Idan kuma matatar ta toshe, inji ya rasa numfashi, sai ya koma shan fetur da yawa yana baƙin hayaƙi. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da lita ɗaya ke nufi a aljihunsa.

Idan matatarka ta soso ce, ka ciro ta, ka wanke a kananzir, ka matse ta tsakanin tafin hannuwanka. Kada ka murɗe ta kamar wanki, yagewa za ta yi. Ka bar ta ta bushe, ka ɗiga mata sabon man inji kaɗan, ka mulmula har ya ratsa ko'ina, sannan ka matse rarar. Danshin man nan shi ke kama ƙura. Busasshen soso rabin aiki yake yi. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a shafa mata mai. A karkaɗe, in ta yi baƙi a sake sabuwa. A lokacin hunturu mai bin burji ya duba ta kowane mako. Ka kuma duba robar da ta haɗa akwatin matata da kafireto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ɗaya a robar nan ta isa ta mayar da wankinka aikin banza. Ga matasanmu masu cire matata gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu, ina ba ku shawara ta ɗan'uwa: ku mayar da ita, injinku kuke ciyarwa da yashi.

Na uku, sarƙa. Kafe babur a kan jak, ka sa yatsa a tsakiyar sarƙa ta ƙasa, ka ɗaga ka sauke. Wasan da ya kamata ta yi santimita 2 zuwa 3 ne, kamar faɗin yatsu biyu. Ka juya ƙafar baya ka gwada a wurare da dama, domin tsohuwar sarƙa ba ta sakin jiki daidai. Inda ta fi ɗaurewa, nan za ka auna. Idan ta saki da yawa tana iya gocewa ta sarƙe ƙafar baya kana cikin gudu. Idan ta ɗaure tamau, da ka faɗa rami da kaya sai ta ci boris ko ta tsinke. Wajen ja, ka sassauta notin ƙafa, ka ja ɓangaren dama da na hagu daidai wa daida, kana bin zanen da ke jikin ƙarfen, don kada ƙafa ta karkace. Bayan ka ɗaure, sake daidaita birkin baya, domin shi ma ya motsa.

Wankin sarƙa da kananzir da buroshi ake yi, a goge, a ɗiga man giya mai lamba 90. Giris yana tara yashi, tsohon baƙin mai kuma da dattinsa yake zuwa. Murfin sarƙa da wasu ke cirewa don ado, shi ne garkuwarta a hanyar rairayi. Ka dubi haƙoran farantin da sarƙa ke hawa: idan sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙugiya, lokacinsu ya yi, kuma a sake sarƙa da farantai biyun tare, domin tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa. Ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙa, rufaffen kansa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Kuma don Allah, kada wanda ya taɓa sarƙa inji na aiki. Tsumma yakan kama, ya ja yatsa ya shige da shi cikin ƙiftawar ido.

(Gajeren kiɗa)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan kula da babur na hanyar karkara a gida. Mun yi mai, mun yi iska, mun yi sarƙa. Saura ƙanana, waɗanda za mu bi da sauri.

Fulogi madubin inji ne. Ka kwance shi inji na sanyi, ka dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙin gawayi busasshe na nufin fetur ya yi yawa ko matata ta toshe. Fari fat na nufin fetur ya yi kaɗan, inji na zafi. Baƙi mai maiƙo kuwa, mai ne ke haurowa. Tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.8 ce, gwargwadon irin babur. Wajen mayarwa ka fara murɗawa da hannu kafin ka sa sifana. Ka ajiye ɗaya sabo a ƙarƙashin kujera, wata rana shi zai fid da kai daga daji.

Fetur na kwalba da muke saya a bakin hanya, a tace shi da tsumma mai tsabta. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. Idan babur na shaƙewa yana tari, rufe makunnin mai, ka kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireto, ruwa da datti su zube.

Taya, da safe ake gwada iskarta kafin ta yi zafi: ta gaba wajen 25, ta baya 28 zuwa 32 in da kaya, a gejin masu faci. Idan ƙaya ta huda, kafin ka mayar da tiyub, shafa cikin tayar da tsumma ka nemo ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa. Wayoyin ƙafa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana. Mai lafiya takan yi ƙara wasai, wadda ta saki takan yi amo dushe-dushe. Gargada tana kwance noti, don haka kowane mako ka bi na ƙafafu da na inji da na salansa da na kariya.

Birki kuwa, na hannu ya yi wasan santimita 1 zuwa 2 kafin ya kama, na ƙafa 2 zuwa 3. Idan ka ja notin har ƙarshe bai kama ba, takalman birkin sun cinye, a sake su, kada a yi musu ciko. Batir mai ruwa, idan ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba.

Da damina akwai gargaɗi guda da nake so ya zauna a zuciyar kowa. Idan ka shiga rafi babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka buga kik. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga silinda ka tilasta, sandar fistin na iya lanƙwashewa. Tura shi tudu, cire fulogi da matata, zubar da abin da ke cikin kafireto, sannan ka buga kik a hankali ruwan ya fito ta ramin fulogi. Da ka isa gida ka yi juye. Ko ka haye lafiya, ka riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan har ya bushe. Ruwa mai gudu da ba ka san zurfinsa ba kuwa, jira ya fi. Babur ana sayen wani, rai ba a saye.

Jama'a, ƙaramin sani ƙuƙumi ne, don haka gyaran gida yana da iyaka. Saitin bawul tazara ce da ba ta wuce kaurin gashin kai ba, sai da filageji da hannun da ya saba. Shuɗin hayaƙi da ba ya ɗaukewa, ƙwanƙwasa daga cikin inji, kulocin da ke zamewa bayan ka daidaita wayarsa, kan babur da ke rawa, wayoyin wuta da suka ƙone, duk waɗannan na bakanike ne. Ka je da wuri, ka tsaya a kan aikinka, ka yi tambaya cikin ladabi, ka nemi a nuna maka abin da aka cire. Bakanike na kirki yana jin daɗin mai babur da ya san kayansa, domin bayaninsa yana rage masa lalube.

Sai kiyaye lafiya. Kada a tada babur a cikin rufaffen ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari marar launi, mai kisa. Kada a taɓa fetur kusa da murhu ko fitilar ƙwai ko taba. Tsohon baƙin mai a zuba a galan a rufe, a nisanta shi da rijiya da gona da hannun yara, kuma kada a shafa shi a kan gyambo ko ƙazwa, na mutum ko na dabba. Hular kwano, wadda aka tilasta sawa a Nijeriya a Janairun 2009, hanyar daji ma tana buƙatarta, domin kututture da dutse ba su fi kwalta tausayi ba.

Kafin mu yi sallama, ga abin da za ku riƙe. Kullum da safe, minti biyu: mai, taya, birki, fitila. Kowane mako, ka ware rabin sa'a, ko da safiyar Juma'a ko jajibirin kasuwa: sarƙa, matata, noti. Juye kuma a kan lokacinsa. Ka kira ɗanka ko ƙanenka ya riƙe maka sifana, ya gani ya koya.

Kakanninmu da suka riƙe dawaki ba sa kwanciya sai sun duba kofato, sun ba da harawa, sun shafa bayan dabba ko sirdi ya ji mata ciwo. Sun san ranar buƙata ba ta sallama. Haka babur yake. Daren da za a buga maka ƙofa ƙarfe biyu, a ce maƙwabciyarka na kan gwiwa, asibiti kuma na da nisan kilomita ashirin, babu bakanike a wannan lokaci, babu shagon kayan gyara. Abin da zai tashi da bugu ɗaya a daren shi ne rabin sa'ar nan da ka ba shi ranar Juma'a. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya sa albarka a abin hawanmu da abin da muke nema da shi.

(Kiɗan rufe shiri)